Buhun waken da muka riƙa buɗewa

Wannan makon na miƙa makullin ɗakin kayan gona, bayan shekara shida ina koyar da aikin gona a wata sakandare a nan Zariya. Duk abin da ya faru a wurin, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wani buhun wake.

Na zo da ɗokin cewa yaro ya fi riƙe abin da ya tono da kansa. Don haka ban rubuta wa 'yan aji biyar komai a allo ba, tambaya kawai na jefa musu: me ke hana ƙwaro cin wake? Bayan kaka muka auno mudu 12 a kasuwar Samaru, muka kasa uku. Kashi ɗaya muka cuɗa da toka irin na kakanni, ɗaya da busasshen barkono, na ukun muka zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Ba a sa masa magani. Ƙwarin ne ke shaƙe iskar ciki har ta ƙare, su daina ci, su mutu.

Na san wannan sarai. Amma ni da kaina na tsara cewa duk Juma'a za a kwance ukun, a ɗebo tafin hannu, a ƙirga ƙwayoyin da suka huje. Mako na biyu wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu: "Malam, in muna buɗewa ai iska muke ba su." Saura minti biyar a kaɗa ƙararrawa, sai na ce ta bari mu ga sakamako tukuna. Ni da ke cika baki cewa babu tambayar banza a ajina.

Kafin wata uku waken buhun ya koma gari, ƙwaya ɗaya rami uku ko huɗu. Yara suka rubuta a littattafansu cewa buhun yaudara ne. Ɗaya har ya hana babansa saya.

Mataimakin shugaba, wanda dama yake kiran aikin namu wasan ƙasa, ya samu abin da yake jira. A taron malamai ya ce, "Malam, da ka bi manhaja ka ba su rubutu sun haddace, da ko waken ba a yi asara ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, haka ne." Ban tuna masa cewa takalminsa bai taɓa taka gonar makaranta ba.

Da shekara ta zagayo muka sake, muka zuba waken a robobin ruwa 12 masu murfi, a toshe gam, ana buɗe ɗaya kacal kowane mako. Dabarar yarinyar nan ce, na kuma faɗi haka a gaban aji. Ta jikin robar yara suka riƙa kallon ƙwarin suna rage motsi har suka bushe.

Ga wanda zai gaje ni: kada ka shuka masarar gwaji da lokacin nomanta zai faɗa cikin dogon hutu, ciyawa za ka tarar. Kuɗin kaya a ba ka a rubuce. In ka samu mota, kai yaran Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru su ga inda ake fitar da irin wake na SAMPEA da irin masara na SAMMAZ. Robobin suna kan kanta ta hagu, an ce in zubar, ban zubar ba.