Ganyen dogonyaro ya tuna min da Mariamman

Satin da ya wuce ƙarambau ya feso wa Ummi 'yar yayana a Tudun Wada, Hajiya ta sa aka karyo ganyen dogonyaro aka dafa aka yi mata wanka, wallahi ina shaƙar warin nan sai wani ƙauye na Indiya ya faɗo min a rai.

Lokacin da na raka Baba jinya Chennai ne, can jihar Tamil Nadu. Direban da ke kai mu asibiti mun saba sosai, ya nace sai na je garinsu, kuma aka yi dace watan Aadi ne, wato daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, watan bikin uwar garinsu, wato Mariamman, abar bautarsu. Ni musulmi ne, na gaya masa ba zan shiga ɗakin bautarsu ba, ya ce ba komai, sai na tsaya daga bakin ƙofa ina kallo yana min bayani.

Ba irin dogayen gine-ginen da muke gani a fim ba ne. Ɗan ɗaki ne, katanga da ratsin ja da fari, a ciki gunkin Mariamman an rataya mata lemun tsami kamar carbi. Kalmar Amman da ke ƙarshen sunanta ma'anarta uwa. A imaninsu ita ke kawo ruwan sama, kuma ita ce mai agana da ƙyanda da ƙarambau, har sunan ciwon a yarensu ammai. In ya fito wa yaro cewa suke uwa ce ta sauka a gidan, jikinta zafi, sai an sanyaya ta, shi ya sa za ka ga dogonyaro a ƙofar gida da shimfiɗar yaron, ga kurkum, ga wani kunu mai tsami da suke kira kuzh ana rabawa kyauta. Da na duba ƙwayar hatsin sai na ga ashe tamba ce, tambar nan dai da ake nomawa a kudancin Kaduna.

Kuma fa ba ita kaɗai ba ce a wurin, tsarin kamar gidan sarki. Kana shiga Vinayagar mai kan giwa zaka fara tararwa, shi suke fara gaisarwa. A gefe duwatsu bakwai a jere, wai 'yan mata bakwai. Gindin bishiya akwai suri ana ajiye wa maciji madara da ƙwai. Sai dogarinta Karuppasamy, baƙi, da gashin baki da ƙatuwar adda, shi ake yanka wa zakara da bunsuru, har sigari da giya ana ajiye masa. Ayyanar kuma can bakin gari yake da dawakan laka manya manya da maginan tukwane ke ginawa, sun yarda da dare yake hawa yana zaga garin, shi baya cin nama. Mai kula da wurin ma ba Brahmin ba ne, wato masu gadon jagorancin ibada a addinin Hindu, manomi ne ɗan garin.

Amma abinda ya tsaya min a zuciya wata tsohuwa ce, fuskarta duk zanzana, ta goyo jikanta a kafaɗa tana shafa masa ganyen tana kuka. A 1975 aka ga mai agana na ƙarshe a Indiya, 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da ita gaba ɗaya, rigakafi ne ya yi wannan aikin da ikon Allah, amma matar nan ta ga zamanin da ciwon ke shiga gida ya kwashe yara. Ban yarda da abinda take roƙo ba, sai dai tsoron da ke idonta na san shi, irinsa na gani wajen Hajiya daren da zazzaɓin Ummi ya ƙi sauka har muka kai ta asibiti.

Alhamdulillah yanzu ƙurajen sun fara bushewa, jiya ma ta ci tuwo.