Baki ma yana buƙatar atisaye

Ciwon da nake fama da shi likitoci suna ce masa sikilarodama. Garkuwar jiki ce take juyowa kan mai ita, sai jiki ya riƙa tara sinadarin kolajin, wanda yake ba fata ƙarfi, fiye da ƙima, fata ta yi kauri ta ɗame. Ya fi kama mata, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Wannan kam na gaji da faɗa wa maƙwabtana a Agege, masu ganin dabbare-dabbaren fari da baƙi a goshina suna raɗa cewa jifa ne.

Yatsu kowa yake kallo, don su ne suke sandarewa, su sauya launi da zarar sanyi ya taɓa su, ko da na na'urar sanyaya bas ɗin BRT ne. Ni kuwa abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya baki ne. Leɓɓa suka sirance, fatar gefensu ta tattare, loma ba ta shiga sai na raba ta biyu. Tsire sai kallo.

A asibitin koyarwa na Idi-Araba likitar gaɓoɓi ta ce in jera yatsu a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Babban mutum mai lafiya yakan buɗe sama da milimita 40, wajen yatsu uku ke nan. Nawa biyu ma da ƙyar suka shiga. Ta ce, "Hajiya, magungunan nan na huhu ne da ƙwannafi da hanyoyin jini. Bakin nan ke za ki yi masa aiki."

Ga yadda nake yi. Nakan fara ɗora tawul mai ɗumi a fuska, in shafa man kaɗanya a leɓe don kada ya tsage. Sai in sa babban yatsan dama cikin kuncin hagu in ja, in riƙe, in sauya hannu, daga baya in ja duka biyun tare. Sannan hamma da gangan, da washe baki, da turo leɓe, a gaban madubi (a rufe ƙofa, in ba haka ba yara su sami abin dariya). Na ƙarshe shi ne faya-fayan katakon nan da ake danne harshe da su a asibiti, ana samunsu a kemis. Ana jera su a ɗaure, a zura tsakanin haƙoran gefe zuwa turame, in wuri ya saki a ƙara guda. Ranar da yatsuna suka ƙi, ɗiyata ce take riƙe mini, tana tambaya, "Umma, in ƙara?" Abin da ake so a ji shi ne ja. In zafi ya zo ko jini, an wuce gona da iri.

Na ɗaura abin ga sallar asuba da ta isha, shi ya sa ba ya shige mini. Ribar ba ta da yawa, milimita ce 'yan kaɗan, sai da rula ake ganinta. Amma su ne suka dawo mini da cokali babba. Kuma ba ta zama. Lokacin da miki ya fito mini a yatsu aka ce in dakata, kafin ya warke bakin ya sake tsukewa, sai da na faro kusan daga tushe.

Haƙori kada a yi wasa da shi. Miyau yakan ragu, ruwan ciki mai tsami yana tasowa yana cin haƙori, ga buroshi ba ya kai wa ciki. Na koma buroshin yara da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da yake kare haƙori daga ruɓewa, na naɗe mariƙinsa da ƙyalle don hannu ya kama, kuma ba na fita babu gorar ruwa. Likitan haƙori ina zuwa wurinsa tun babu ciwo, domin gyaran turmi a bakin da ba ya buɗuwa wahala ce gare mu duka. Nakan yi atisayen kafin in shiga, in roƙi ya riƙa ba ni hutu. In kuma tiyata ta taso, a sanar da mai ba da maganin barci tun da wuri, saboda yawanci ta baki yake zura bututun numfashi.