Godiya ga duk wanda ya sa hannu a wasanmu na Samaru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, wasan da muka daɗe muna shiri ya gudana ranar Asabar ɗin da ta wuce a Samaru, an yi lafiya an tashi lafiya. Tun daren ranar saƙonni ke shigowa, wasu na taya murna, wasu na jajen ƙafa, wasu sun haɗa biyun a layi ɗaya. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na zauna in rubuta a nan, tunda yaba kyauta tukwici. Ban kama sunan kowa ba, domin da yawa cikin waɗanda suka fi shan wahala sun ce kada in ambace su. Kowa zai gane kansa.

Ga waɗanda ba su san yadda aka yi ba, mun so mu yi wasan ne ranar 27 ga Maris, Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, wadda ake bikinta tun 1962. Bana, wato 2025, sai ta faɗo cikin goman ƙarshe na Ramadan, jama'a na fama da tahajjud da ɗinkin Sallah, muka ɗage zuwa bayan Sallah. Ana cikin haka wata ƙungiya da ta yi alkawarin ɗaukar nauyin wasan ta aiko cewa kuɗin da take jira daga waje bai zo ba. Ba mu gama jimamin wannan ba, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a kan acaɓa, mota ta goge mu wajen Kwangila, ƙafata ta dama ta karye ƙasan gwiwa. Ɗan acaɓan ya kurje a hannu da kafaɗa, yanzu ya warke ya koma aikinsa, har ya zo kallon wasan.

Ma'aikaci idan ya karye takardar likita zai kai ofis, ƙarshen wata albashi ya shigo. Mu masu wasan kwaikwayo da ke zaman kanmu ba mu da ofishin da za mu kai takarda. Abincina daga wuri uku yake fitowa. Ina koyar da dirama a makarantu masu zaman kansu, tare da bitar littattafan wasan kwaikwayo na Hausa ga masu rubuta WAEC da NECO, kuma a darasi ake biya, ranar da ban shiga aji ba babu, lokacin hutu ma babu. Ina sa murya a wasannin rediyo idan an kira. Sannan akwai wasannin faɗakarwa na ƙungiyoyi, kan riga-kafi ko tsaftar ruwa ko karatun 'ya mace, waɗanda kuɗinsu kan iso bayan mutum ya manta ma ya yi aikin. Duka ukun da ƙafa ake zuwa nemansu. Mun ga yadda abin ya ƙare da manyanmu. Baba Karkuzu, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a Jos cikin azumin nan, ya shekara da shekaru yana sa Arewa dariya, amma a ƙarshen rayuwarsa sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gidan zama. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Kasimu Yero da Samanja Mazan Fama da sauran waɗanda suka share mana hanya. Ina kwance a gadon asibiti wannan tunanin ne ya hana ni barci, ba zogin ƙashi ba.

Saboda haka godiyata ta farko ga shugabar ɗaya daga cikin makarantun da nake koyarwa. Hajiya, babu yarjejeniyar da ta ɗora miki biyan malamin da bai shiga aji ba, amma kin aiko da kuɗin zangon cif, kika haɗa da abincin buɗa-baki. Kuma ke kika ba mu filin makaranta da bencina bayan zauren da muka so kamawa ya fi ƙarfinmu. Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya raya zuri'a.

Sai abokiyar aikina, wadda muka fara wannan sana'a tare tun muna ɗalibai. Da na ce a fasa, ita ta ce ba ƙafata ce za ta hau dandamali ba. Ta karɓi gwaji gaba ɗaya, ga nata aikin ga hidimar gida ga azumi. Da aka sallamo ni sai aka mayar da gwajin tsakar gidanmu. Ina zaune kan tabarma, ƙafa a miƙe cikin filasta an tokare ta da matashi, sandar dogarawa ita ce abin nuni: kai matsa nan, ke juyo da fuskarki, kada ki ba 'yan kallo baya. Mahaifiyata da maiɗakina sun haƙura da hayaniyar yara har wajen ashirin, da turmin da aka mayar kujerar mai unguwa, da igiyar shanya da ta zama labule. Inna, na ji lokacin da kike gyara wa yarinyar nan yadda tsohuwa ke ɗaura kallabi, kuma gyaranki muka bi.

Wasan kansa ba ni na rubuta shi a ɗaki ba. Hanyar da muka koya a Jami'ar Ahmadu Bello muka bi, wadda aka fara tun bayan da Michael Etherton ya zo ya kafa karatun dirama a 1975, aka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo. Malamai irin su Farfesa Oga Steve Abah da Salihu Bappa sun yi shekaru a kanta. Ba ka zuwa wa mutane da labarinka. Za ka shiga cikinsu ka zauna, ka ji abin da ke damunsu, ka gina wasa da maganganunsu, ka mayar musu da shi a filinsu, sannan a tattauna. Yaranmu sun zaga unguwa suna tambaya, suka dawo da abu ɗaya a bakin kowa: ruwa. Don haka wasan ya zama labarin wata rijiyar burtsatse da injinta ya ƙone, aka yi karo-karo don gyara, ma'ajin kwamiti ya ranci kuɗin ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki da niyyar mayarwa bayan girbi, jarka ta yi tsada, 'yan mata suka riƙa makara a makaranta saboda layin ruwa. Ina godiya ga matan aure da 'yan garuwa da dattawan majalisa da suka ba yaran nan lokaci suka amsa musu tambayoyi ba tare da kora ba. Rabin kalaman da aka tafa wa ranar Asabar daga bakinku aka ɗauko su.

Yarana, ku kuma me zan ce muku? Wanda ya fito a ma'aji, ranar da ya fara zuwa muryarsa ba ta wuce benci na biyu. Muka riƙa tsayar da shi a wannan raga ta filin ƙwallo, abokan wasansa a waccan, ya faɗi layi ɗaya har sai sun ji sun maimaita. Ba ihu ake so ba, mai ihu kafin rabin wasa ya dishe. Numfashi ake ja daga ciki, hannu a kan cibiya, a buɗe baki a ƙarasa kowace kalma. Ranar Asabar janareto ya ɗauke ana tsakiyar maganarsa, lasifika ta mutu, yaron nan bai ko waiwaya ba, ya ci gaba, kuma masu tsaye a bakin ƙofa sun ji shi. Wanda ya fito a mai unguwa kuwa a tashe na tsinto shi, azumin bara, da gemun auduga da sanda yana Tsoho da Gemu a ƙofar gidanmu. Duk mai cewa wasan kwaikwayo baƙon abu ne a ƙasar Hausa, ya fito ƙofar gida daga goma ga azumi ya ga yara.

Abin da ya fi faranta mini rai ya faru ne wajen da muka tsayar da wasa. Asirin ma'aji ya tonu, an taru a kansa, sai mai jan ragama ta juyo ta ce, "Jama'a, mu namu ya tsaya nan. Yaya za a yi da shi?" Wata dattijuwa ta miƙe daga ɓangaren mata, ta tako har tsakiyar fili, ta nuna yaron da yatsa ta ce, "Kai, ko gadon ne a ciro a sayar. Kuɗin marayu na ciki." Yaron ya durƙusa yana ba ta haƙuri a matsayin ma'aji, bai fita daga rawarsa ba. Kafin ta zauna wani ɗan garuwa na gaske ya ɗaga hannu ya ce shi ma a ji tasa, tunda an nuna su a masu tsawwalawa. Ya ce su ma sayen ruwan suke yi, mai burtsatse kuma da fetur yake tayar da inji, kuma kowa ya san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ya ce a zo a tura kura mai jarka goma sha biyu a ranar nan ta bazara a ji. Aka tafa masa fiye da yadda aka tafa mana. Daga nan magana ta bar hannunmu, sai da mai unguwa na gaske ya miƙe ya sa ranar zama kan rijiyar unguwar ta gaske. Ranka ya daɗe, mun gode da izini, mun gode da zama har ƙarshe a cikin wannan zafi.

Iyayen yara, musamman iyayen 'yan mata, godiyarku daban take. Na san abin da ake faɗa a kan 'yan dirama, na san wasu cikinku sun sha magana daga dangi. Kun zo kun ga inda ake gwaji, kun gindaya sharuɗɗa, a tashi kafin magariba, a raka kowace har gida, kada a taɓa lokacin Islamiyya, muka bi. Wani uba da ya fi kowa tsauri shi na hango yana ɗaukar 'yarsa hoto da waya tun daga farko har ƙarshe.

Kafintan da ya haɗa mana bakin rijiya da guntayen katako bai karɓi kuɗin aiki ba, na ƙusa kawai ya karɓa. Tela ya ɗinka rigunan kwamiti a makon da bai da lokacin ko runtsawa. Mai janareto ya ba da inji, matasan unguwa suka yi karo-karon mai, su suka share fili suka yayyafa ruwa suka jera bencina. 'Yan sintiri sun tsare ƙofa. Wani ɗan garuwa ya ara mana kurarsa yini guda, wanda ke nufin ya bar cinikin ranar. Mai keke napep ɗin da ke ɗauko ni ya mayar da ni, yana jira in lallaɓa in shigar da ƙafa, bai taɓa nuna gajiya ba. Likitoci da nas-nas na sashen ƙashi, da bayin Allah da suka ɗauke ni daga kan titi, waɗanda har yau ban san fuskokinsu ba, Allah Ya biya ku.

Abokan sana'a na Zariya da Kaduna da Kano da Jos, har da wani ɗan'uwa daga Damagaram, kun haɗa abin da ya biya kuɗin asibiti, alhali na san aljihun kowa, don irin nawa ne. Wasu sun karɓi azuzuwana suka koyar don kada a ba wani gurbin. Tsofaffin malamaina da suka zo suka zauna a benci ɗaya da yara, bayan an tashi kuma suka kira ni gefe suka ce fitowa ta biyu ta yi tsawo, na ji kuma za a rage. Duk wanda ya taɓa yin gwaji a gidan wasan nan na jami'a da aka gina da ƙasa, mai fasalin gidan Bahaushe, ya san ba a tashi daga wasa sai an ji irin wannan.

Ƙungiyar da ta janye ban riƙe ta da komai ba, sun faɗa da wuri kuma sun faɗi gaskiya. Waɗanda nake roƙo su ne masu kira a ce "zo ka ɗan yi mana dirama a taronmu", an biya mai rumfa, an biya mai abinci, an biya mai hoto, mu kuma a miƙo mana kuɗin mota da shinkafa a roba. Wasan minti ashirin makonni ake yi ana gina shi. Ku riƙa sa mu a kasafi tun farko kamar yadda kuke sa mai kujeru.

Kayan da muka aro duk sun koma hannun masu su, sai bencina biyu da suka karye, suna wajen kafinta, a wuyana suke. An tsinci mayafi ruwan toka da takalmin yaro ƙafa ɗaya, suna ofishin makaranta. Unguwanni biyu sun nemi a kai musu wasan, za mu sa rana idan an cire filasta kuma yaran sun gama jarrabawa, in Allah Ya yarda kafin damina ta kankama. Iyayen da suka tambaya yadda 'ya'yansu za su shiga, ajin Asabar da safe zai dawo a sabon zango, kuma ba a karɓar yaro sai uba ko uwa sun kawo shi da kansu.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya bar zumunci. Na gode ƙwarai.