Manhaja tana "aiki" amma oda ta daina shigowa

Goman ƙarshe na azumin bara, wajen sha ɗayan dare, Alhajin da nake kula masa da manhajar odar atamfa da shadda ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce "Malam wai lafiya kuwa? tun la'asar oda uku kacal, a tsakiyar ɗinkin sallah?" Na ce ranka ya daɗe bari in duba. Na buɗe a wayata ga ta nan tana buɗewa sumul, saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ba ta mutu ba, har na fara cewa a raina ai kasuwa ce kawai ta yi sanyi.

Ashe shafin biyan kuɗi ne. Duk wanda ya danna "biya" sai manhajar ta bi odojin da ke rumbun bayanai kaf ɗaya bayan ɗaya kafin ta amsa, da suna kaɗan ba a ji, da suka taru ga kuma cunkoson sallah sai abin ya koma kusan daƙiƙa ashirin yana juyawa. To wa zai tsaya? Mutumin da aka sha cire wa kuɗi turansfa ta maƙale, kamar yadda muka sha fama lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, yana ganin abin nan na juyawa zai rufe ya tafi wani shagon. Kuma wallahi ko mutum ɗaya bai kira ya yi ƙorafi ba, abin da ya fi ci min rai kenan.

Gyaran bai kai minti goma ba. Ganowar ce ta ci kwana biyu na ciniki.

Tun daga nan na daina yarda da "ai a wayata yana yi". Ni ina zaune kan wifi a Kano, kwastoma tana Azare ko Gusau da netwok sanda biyu, ba abu ɗaya muke gani ba. Na sa UptimeRobot, manhajar sa ido, yana ƙwanƙwasa shafin duk minti 5 ya ga ko yana amsawa, na kyauta ne ma, wata manhajar kuma, Sentry, tana turo min duk kuskuren da ya faru a wayar mutane har da layin rubutun manhajar da ya jawo shi. Saurin amsawa kuwa a Grafana nake kallo, manhajar da ke zana alƙaluma a allo, kuma ba na kallon matsakaici don yaudara ce, idan mutum 95 sun samu a daƙiƙa ɗaya biyar sun jira ashirin lissafi zai ce maka komai lafiya, alhali biyar ɗin nan su ne suka ciko kwando suka zo biya.

Masu sayar da saba suna son cewa 99% na lokaci sabarsu tana aiki. Ka lissafa, ɗayan da ya rage kwana uku da rabi ne da ɗoriya a shekara, ko 99.9% ɗin ma kusan awa tara ce, kuma ba kai ke zaɓar ranar ba. Facebook da kansa ran 4 ga Oktoba 2021 ya ɗauke kusan awa shida tare da WhatsApp da Instagram, balle mu.

Alhaji da farko ya ƙi biyan ƙarin kuɗin sa idon nan, wai me zai saya da ba ya gani. Yanzu alat ɗin matsalar manhaja har wayarsa yake shiga, shekaranjiya da asuba ma shi ya riga ni gani, ya turo min murya: "Malam tashi, abin naka ya yi ja."