Kafin ka sayi keken lantarki a Maradi, auna hanyarka

Mai sayarwa zai nuna maka kwali, ya ce wannan keken yana cin kilomita 60 a caji ɗaya. Ba lallai ƙarya yake yi ba, amma an auna wannan tafiyar ne a kan kwalta mai santsi, da mahayi mara nauyi, yana kuma taka feda. Kai da za ka ratsa rairayin lungunan unguwar Zariya da buhu a kariya, wannan lissafin bai shafe ka ba. Yi naka da kanka.

A jikin kowane batir akwai lamba biyu: bolt (V) da amfiya-awa (Ah). Ka ninka su, ka samu yawan wutar da yake riƙewa, wato wat-awa (Wh). Batir mai 48V da 12Ah yana ɗauke da 576Wh. Mai 36V da 10Ah kuwa 360Wh ne kacal. A kan kwalta, idan kana taimaka wa injin da ƙafa, keke yakan sha Wh 10 zuwa 15 a kowane kilomita. Idan totur kaɗai kake murɗawa, ko kana cikin yashi, ko ka yi goyo, ka lissafa 20 zuwa 25. To ɗauki mutumin da ke zuwa Tibiri ya dawo kullum, kusan kilomita 12 zuwa, 12 dawowa. Kilomita 24 sau 20 ya ba da 480Wh. Batir mai 576Wh zai kai shi gida da ƙyar yana sabo, amma da ya fara tsufa ya rage riƙo, a hanya zai tsaya. Irin wannan mutum ya nemi 48V mai 15Ah ko 20Ah. Ɗalibin da ke zirga-zirga daga unguwa zuwa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuwa, ƙaramin batir ya ishe shi, kada ya biya kuɗin nauyin da ba ya bukata.

Batir iri biyu ne a kasuwa, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. Kekuna masu arha suna zuwa da batirin dalma, guda huɗu masu 12V a jere, nauyinsu ya kai kilo 16. Na litiyom mai ƙarfi ɗaya da su bai wuce kilo 4 ba. Na dalma ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi, ba ya son a bar shi ya kwana babu caji, kuma zafi yana gajarta masa kwana. A garin da watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amfaninsa ɗaya: ana samun madadinsa cikin sauƙi. Na litiyom ya fi tsada, amma yana jure caji ɗaruruwa fiye da shi. Shawarata, in aljihu zai iya, a ɗauki litiyom, kuma wanda ake cirewa da makulli a shiga da shi ɗaki.

Dalilin cirewar shi ne zafi. Kada a caja batirin litiyom da zarar an sauka daga tafiya. A bar shi ya huce kamar rabin awa a inuwa. Kada a caja shi a rana, ko a kan katifa, ko a ɗakin da ake barci an rufe ƙofa. A yi amfani da cajar da ta zo da shi, domin cajar dalma ba ta dace da litiyom ba ko da bakinta ya shiga. Batirin da ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi waje, a daina aiki da shi. Caja mai 2A tana bukatar awa 6 ko fiye ta cika 12Ah, don haka ka dubi yadda ake ɗauke wuta a unguwarku kafin ka yanke shawara. Kuɗin wutar kansa ba abin damuwa ba ne, cika irin wannan batir bai kai kilowat-awa ɗaya ba.

Batun inji gajere ne. Mai 250W ya isa kwalta da mutum ɗaya. Mai kaya ko mai bin yashi ya nemi 500W, a tayar baya. Ƙaramin inji idan ana tilasta masa cikin rairayi a hankali, zafi yake ɗauka, shi da akwatin da ke raba masa wuta, har wayoyi su ƙone. Idan keke ya fara nishi a yashi, taka feda ko ka sauka ka tura.

Taya ma a duba ta da kyau. Siririya nutsewa take yi. Mai faɗin inci 4 tana tafiya a kan yashi lafiya, sai dai tana shan wuta, kuma ba kowane mai faci ke da irinta ba. Taya mai girman inci 26 da faɗin inci 2 da ɗan wani abu ita ce tsaka-tsaki, kayanta kuma suna nan a wurin masu gyaran keke. Ga ƙaya da tsidau, faci ba makawa. Idan tayar baya ta sace, ka tsaya kan mai faci ka nuna masa wayar da ke fitowa daga cikin ƙarfen cibiya, a zare mahaɗinta kafin a kwance tayar. Ja ɗaya da ƙarfi yana tsinka ta, gyaranta kuma sai an buɗe injin. Da damina, kada a kutsa da keken cikin ruwan da ya kai cibiyar taya, kada kuma a wanke shi da famfon wankin mota.

Ranar saye, hau keken da nauyin da ka saba ɗauka, ka bar kwalta ka shiga lungu mai yashi. Gwada birkin gaba da na baya. Keken nan ya fi na gida nauyi da gudu, birki mai faifai ya fi dacewa da shi. Kashe injin ka taka da ƙafa mita 200, don ka ji abin da ke jiranka ranar da caji ya ƙare. Sannan ka tambayi mai shago ya ɗauko maka batir da caja da akwatin raba wuta na irin wannan keken ka gani da idonka. Idan ya ce sai an yi oda, duba wani samfurin.