Wata biyar ina dukan yaro kan susar da ba laifinsa ba

Ni kam har yau in na tuna dukan da yaron nan ya sha a hannuna sai jikina ya yi sanyi. Shekararsa 4 a lokacin, kullum cikin dare sai ya farka yana kuka yana mutsu-mutsu, hannu cikin wando yana susa kamar zai yage fatarsa, da rana ma ko gaban baƙi ne ba ruwansa zai cusa hannu ya sosa abinsa. Ni kuma ga yarinta ga kunya, ga surukata a gida ɗaya, sai in kai masa duka in ce cire hannunka ƙazami kawai. Ashe wata 'yar tsutsar ciki ce ke sa shi susar dubura. Shi ya sa nake rubuta wannan saboda ku ƙannena masu goyon fari, kar wata ta maimaita wautar da na yi.

Hajiya surukata ta ce ɗan kanoma ne. Maƙwabciyata ta ce a'a basir ne, zaƙi ya yi masa yawa. Na hana shi alewa, na hana shi rake, har sukari na daina sa masa a koko, na ɗura masa jiƙe-jiƙe kala-kala, akwai ranar da wata ta ce in shafa masa man zafi a wurin, kuma wlh na shafa. Ihun da ya yi ranar har Abbansa sai da ya fito daga ɗaki da gudu. Dan Allah kar ku yi wannan, wurin da ya riga ya ɗaye da susa ka ƙara masa man zafi ai zalunci ne.

Yayata ce ta warware min, ita nas ce, ta zo mana kwana biyu. Da dare ya fara abin nasa sai ta ce rabu da shi, gobe in ya yi bacci ya kai awa 2 zuwa 3 ki tashe ni. Haka aka yi, ta kunna tocilar waya ta ɗan buɗa duburarsa ta ce matso ki gani. Wasu abubuwa farare sirara kamar guntun zaren ɗinki, tsawonsu bai fi santimita 1 ba, guda biyu, suna motsi a kan fata. Na zauna daɓas a bakin katifa. Ta ce to ga ɗan kanomanku nan.

Bayanin da ta yi min daren nan shi ne abin da nake so ku riƙe. Tsutsar a babban hanji take zama, in yaro ya yi bacci sai macen ta fito ta zuba ƙwai a fatar bakin dubura, dubbai a lokaci ɗaya, shi ne ƙaiƙayin da ke hana shi bacci. Shi ƙwan, ido ba ya ganinsa, kuma cikin awa 4 zuwa 6 ya isa kama mutum. Yaro ya sosa, ƙwai ya shige ƙarƙashin farce, gari ya waye ya sa yatsa a baki ko ya ɗauki ƙosai, ya sake haɗiye nasa da kansa. Sauran ya bar su a kan buta, a marfin ƙofa, a tabarma, a kofin da kowa ke ɗiban ruwa a randa, a kwanon tuwon da yara biyar ke ci tare. Kuma ƙwan na iya yin sati 2 zuwa 3 a kan kaya bai mutu ba. Daga ranar da aka haɗiye shi zuwa ranar da sabuwar tsutsa za ta fara zuba nata ƙwan kamar wata 1 zuwa 2 ne. Zaƙi ba shi da hannu a ciki ko kaɗan, na hana bawan Allah alewa a banza.

Da ma a ce daga nan na yi hankali, ina! Yaya ta ce a ba duk gidan magani rana ɗaya, a sake bayan sati 2. Ni kuma na ga ai shi kaɗai ke susa, me zai sa in je ina cewa Hajiya da Abbansu su sha maganin tsutsa, da wane bakin ma. Na aika kemis aka siyo mebendazole na ba shi shi kaɗai, sau ɗaya, kwana kaɗan susa ta tsaya yaro na bacci har da minshari, na ce alhamdulillahi an gama. Na biyun ma mantawa na yi. Ba a yi wata biyu ba abu ya dawo, wannan karon har da yayarsa, ita kuma har gabanta take sosawa tana cewa yana mata zafi, don a yara mata tsutsar takan ɓata hanya ta shiga ta gaba. Maganin, ko mebendazole ne ko albendazole ko pyrantel, tsutsa yake kashewa, ba ya taɓa ƙwai, shi ya sa ake maimaitawa bayan sati 2 don ya samu waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Sannan mutum zai iya zama ɗauke da ita bai ji komai ba, yana ta rabawa.

Bari ma in tona kaina, nima ina jin ƙaiƙayin da dare tun tuni, na yi shiru. Ni ce mai yi masa tsarki, da ruwa zalla nake ɗauraye hannu in koma kan tukunya. Mun ɗauka tunda muna tsarki da ruwa mun tsira, alhali ruwa ba sabulu ba ya fitar da abin da ya maƙale a farce, ga ni da tara farce wai gayu.

Wata wautar kuma, kullum da safe sai na yaye zanin gadonsu na kakkaɓe shi fat-fat a tsakar ɗaki kafin in shimfiɗa, ni a dole mai tsafta. Ashe watsa ƙwan nake a iska yana sauka kan komai, har shaƙarsa ana iya yi a haɗiye. Naɗe shi ake yi a hankali a kai wanki, da ruwan zafi in da hali, a shanya a rana mai kyau. Mu da Allah ya ba rana kyauta ba mu da uzuri a nan.

Na kuma ɗauki alhakin kyanwar gidanmu, na sa aka kore ta, daga baya na ji ashe wannan tsutsar mutum kaɗai take kamawa, ba ta zama a jikin kyanwa ko kare ko akuya. Na ɗauki alhakin yaran maƙwabta ma na hana su shigowa, har muka yi 'yar tsama da uwarsu. Gaskiyar magana duk inda yara ke cuɗanya, Islamiyya ne, boko ne, gidan biki ne, za su iya kwasowa, kuma gidan masu tsafta ma tana shiga. Ba a gane wa ya fara kawowa, ɓata lokaci ne.

Abu ɗaya da ya ruɗa ni a tsakiya, na kai kashinsa gwaji aka ce ba komai. Ashe ba a cika ganin ƙwan a kashi ba tunda a fata ake zuba shi. Salatif mai haske ake mannawa a bakin duburar da sassafe kafin wanka da kafin ya hau fo, a ɗaga a kai a duba a na'ura, wani lokaci sai an yi safiya 3 a jere. In an ce miki kashi lafiya lau amma yaro na susa da dare, ki faɗa wa likita batun susar ƙarara, ki ajiye kunya.

A zagaye na biyu dai mun yi yadda ya kamata. Kowa ya sha rana ɗaya, na rubuta ranar maimaitawa da gawayi a bangon kicin don kar in sake mantawa. Matar ƙanin mijina na da ciki ita sai da ta tambaya a wurin awo, jaririn gidan ma da bai kai shekara 2 ba sai da aka tambayi likita, waɗannan biyun ba a yi musu gaban kai. Wanka na maida shi na safe da zarar sun tashi, kowa da ruwansa, ba a tsoma su baho ɗaya, kowa da tawul ɗinsa, kamfai a canza kullum, su kwana da wando mai ɗan kama jiki. Farce duk Juma'a ina bi da reza sabuwa, nawa ma na yanke. Na ɗaure guntun sabulu a cikin soson buhu na rataye kusa da butoci.

Hajiya ce kawai ta ba mu wuya, ta ce ita da girmanta da jikokinta za a ba ta maganin tsutsa kamar 'yar yaye. Sai da Abbansu ya zauna gefen tabarmarta ya haɗiye nasa a gabanta sannan ta karɓa, tana sha tana mita wai a zamaninsu jiƙo ɗaya ya isa. Bayan sati 2 ita ce ta fara leƙowa kicin ta ce ke, ba yau ba ne ranar da kika rubuta a bango?