Harufa Huɗu A Jikin Katin Jirgina

Kwana shida ke nan da dawowata daga Amurka, inda na je bikin kammala karatun ɗana, amma har yau in na kwanta sai in ji kamar hannun jami'in binciken nan na filin jirgi yana bin ƙuguna.

Daga Kano zuwa inda muka yada zango babu labari, barci na sha. A can ne da aka miƙo mini katin shiga jirgi na biyu na ga an buga SSSS a gefensa. Wani ɗan kasuwar Kwari da muka taho tare ya leƙo, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, yau kai ne ango." Ashe alama ce ta wanda za a yi wa bincike na musamman. Ba a gaya maka dalili, ba kuma wanda za ka tambaya. Aka ware ni gefe, aka zazzage jakata har carbi da asuwaki, aka goga wani ɗan ƙyalle a tafin hannuna aka saka a na'ura. Na cire hula, na cire takalmi, na tsaya da safa kamar mai shirin shiga masallaci.

Wannan duk wasa ne. Da muka sauka, jami'in ya juya koren fasfona, ya ga bizar Saudiyya har uku, sai ya kira wani ya raka ni wani ɗaki. Awa biyu da rabi na yi a ciki. Wanda ya yi mini tambayoyi bai kai sa'an ɗana na fari ba, ko sannu bai ce mini ba. Me ya kai ni Makka? Wane masallaci nake zuwa? Wa ya biya kuɗin tikiti? Daga nan ya miƙo hannu ya ce in buɗe wayata. Ina zaune yana bin hotunan 'ya'yana mata da hirarmu da uwargida a WhatsApp. Kilishin da na ƙullo kuwa kwandon shara ya tafi. Shi ban yi jayayya ba, dokarsu ta hana shiga da nama, kuma sun faɗa a fili. Wayar ce ta tsaya mini a rai. Daga baya ɗana ya bayyana mini cewa a bakin iyaka ba sa buƙatar takardar alƙali kafin su duba waya, kuma baƙon da ya ƙi ana iya juyo da shi a jirgi na gaba. A ƙasar da ɗan sanda ba ya shiga gidanka sai da izinin kotu!

Na san inda abin ya samo asali. Harin 11 ga Satumba 2001 ya haifi wannan tsarin. Cire takalmi daga Richard Reid ne, wanda ya ɓoye bam a takalminsa a Disambar shekarar. Hana ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100 ya zo a 2006. Namu rabon kuma ranar Kirsimeti ta 2009 ya faɗo, da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin Amsterdam zuwa Detroit, aka sa Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta wa bincike. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mahaifinsa da kansa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya yi gargaɗi tun kafin abin ya faru. An riƙe labari a hannu aka yi sakaci, fasinjoji ne suka danne yaron, sai ga shi ni da furfurata nake biyan bashin.

Allah ya haɗa ni da mutumin kirki a unguwar Bronx ta birnin New York, Bahaushen Kumasi mai tuƙa tasi. Da ya ji Hausa a bakina ya ƙi karɓar kuɗi, ya kai ni gidansa, maiɗakinsa ta yi mana tuwo da miyar ayoyo. Ya ce, "Baba, ni ranar tafiya ba na sa kaftani, wando da 'yar shara nake sawa." Ban ji maganarsa ba. A jirgin cikin gida na shiga na'urar nan da ake ɗaga hannu sama kamar ɓarawon da aka ritsa, ta nuna aljihunan kaftanina, aka lalube ni a gaban jama'a har cinya. Ruwan da na zo da shi aka zubar, taku goma a gaba na sayi wani dala biyar. Ka lissafa a naira, buhunan fiya wata nawa ke nan?

Biki ya yi kyau, yaro ya karɓi takardarsa, na yi hawaye. Washinton kwana biyu, sanyi ya hana ni yawo. A dawowa katina ya fito babu harufan, ban san me ya canza ba.

Da muka iso gida wani ma'aikaci ya dafa jakata, ko zif bai taɓa ba, ya ce, "Alhaji, barka da sauka, ina tsarabarmu?" Na laluba aljihu na ba shi alewar da aka raba mana a jirgi.